Murar da Ta Biyo Ambaliya: Shekara Takwas da Rasuwar Kulu

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanwata Hauwa'u, wadda duk wanda ya san ta a Haɗejiya da ƙasar Guri Kulu yake kiran ta. Ta rasu a ƙarshen damina, shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa har ya shiga gidaje, ta bar mana jariri da bai cika tafin hannuwana biyu ba. Ba ruwan ne ya ci ta ba. Mura ce. Har yau idan na faɗi haka a gaban wanda bai san labarin ba, sai ya zuba mini ido yana jiran in ƙarasa, wai mura da me? Mura kawai, irin wadda muke yi mu sha shayi da citta mu fita harkokinmu. Ita dai ta same ta ne da cikin wata bakwai.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni ce babba. Kakanninmu makiyaya ne, amma mu a cikin gari muka tashi. Ni na bi makaranta na zama malama, ita kuwa tun tana ƙarama hankalinta na kan sana'a. Da ta auri Bukar, manomin shinkafa kuma masunci a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Guri, dangi suka yi ta tsokanarta, wai 'yar Fulani ta bar nono ta koma kifi. Ba ta yi shekara ba ta fi yawancin matan garin iya bandar kifi. Kifinta idan ya iso kasuwar Haɗejiya ba ya kwana. Doguwa ce, mai murya, mai dariya da ƙarfi, kuma ban tuna ranar da na taɓa ganin ta kwance da rana ba.

Abu ɗaya ne yake sa ta yin shiru, maganar haihuwa. Ta yi ɓari sau biyu, na biyun ma har ciki ya fara fitowa. Don haka da wannan ya zauna, sai ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ba ta taɓa fashin awo ba, ko da sai ta shiga kwalekwale sannan ta hau babur. Ta bar zama a gaban hayaƙin banda, ta bar ɗaukar tulu. Idan na kira ta a waya na tambayi jiki, ba ta ce mini lafiya lau, sai ta ce, "Adda, yau tun asuba yake shurina, wannan ba zai yi kunya ba." Adda take ce mini, kamar yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a gidanmu.

Ruwan shekarar ya zo da ƙarfi, kuma ya ƙi tafiya. Kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamarmu, ta hana kogi wucewa, sai ya juyo kan mutane. Maza suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare jinga, amma ta ɓalle. Gidajen ƙasa suka fara zubewa. Mutanen ƙauyen suka kwashe abin da za su iya, suka koma makarantar firamare da ke kan tudu. Mata da yara a cikin azuzuwa, maza a baranda da gindin bishiyoyi. Ajin da aka gina domin yara su zauna su tashi da azahar, shi ne ya zama ɗakin kwana da na girki da na jinya. Saboda sauro da feshin ruwa, tagogi a rufe suke.

Na kira ta na ce ta taho Haɗejiya wurina har ta haihu. Muna magana ina jin tari a bayanta, ba na mutum ɗaya ba. Wannan ya yi, wancan ya karɓa, ga kukan yara.

"Su wa ke tari haka?" na tambaye ta.

"Kowa ma. Mura ce ta shigo mana. Iya ce ma ta fi jin jiki, tun jiya ba ta ci komai ba."

"To ke ki fito."

"Adda, in na fito wa zai dube ta?"

Iya Falmata ita ce mahaifiyar Bukar, kuma ba ta da 'ya mace. Duk ɓarin da Kulu ta yi, tsohuwar nan ce ta wanke ta, ta dama mata kunu, ta rufe bakin masu gutsiri tsoma. Ban yi mamakin amsar Kulu ba. Muka rabu a kan da zarar Iya ta samu sauƙi, Bukar zai kawo ta.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru annobar korona ta zo, duniya ta koyi sa takunkumi da wanke hannu da ba da tazara. A makarantarmu har bokiti da sabulu aka ajiye a bakin ƙofa. Na sha tsayawa ina kallon bokitin nan ina tunanin me Kulu za ta ce. Na san da farko dariya za ta yi, ta ce an mai da mutane kamar jakunan da ake hana cin amfanin gona. Amma na san kuma daga baya za ta tambaya, ashe dama an san tari yana bin iska haka, an san ɗaki rufaffe shi ne gidansa? Yanzu annobar ta lafa, takunkumi ya koma tarihi, mun koma yadda muke. Ana suna, mace mai ciki na zaune a ƙuryar ɗaki, wata ta shigo tana atishawa ta zauna a gefenta ta riƙe hannunta. Kowa na gani, ba mai magana, don kada a ce an ƙyamaci baƙuwa.

Iya ta warke. Ranar da ta fara tashi zaune, a ranar Kulu ta kwanta. Da farko ciwon kai ne da ciwon gaɓoɓi, sai maƙogwaro, sai zazzaɓi mai zafin da matan ajin suka ce ko ta cikin zane ana jin sa. Suka yi mata abin da aka saba, sirace da ganye, ruwan ɗumi da lemon tsami, da ƙwayar zazzaɓi da wata ta ciro daga ƙullinta. Ba wanda ya yi sakaci da ita. Sun yi mata abin da suke yi wa 'ya'yansu, kuma su duk sun tashi.

Wata safiya ina shirin tafiya makaranta wayata ta yi ƙara. Muryarta ce, amma a yanke, kalma ɗaya sai ta tsaya ta nemi numfashi.

"Adda... zazzaɓin ba shi ne damuwata ba."

"Mene ne?"

"Yaron nan... ya yi shiru."

Na ce tun yaushe. Ta ce tun jiya motsin ya ragu, yau kuwa ta sha ruwan sanyi, ta kwanta ta gefe, ta yi duk dabarar da aka koya musu a wurin awo, ba ta ji komai ba. Ban ƙara tambaya ba. Na ajiye jakar makaranta na nemi mota.

Motar ta kai ni inda kwalta ta nutse. Daga nan babu hanya sai ruwa, shimfiɗe har iyakar gani, kawunan dawa na leƙowa nan da can. Wani mai kwalekwale ya tsallaka da ni. Da na shiga ajin, warin jiƙaƙƙun kaya da hayaƙi ya tare ni. Kulu na jingine da bango ƙarƙashin allo, don ta ce idan ta kwanta numfashi ƙin fita yake. Leɓɓanta sun yi duhu. Iya Falmata na gefenta tana yi mata fifita, ita kanta da ƙyar take riƙe maficin. An riga an aika wa Bukar can wurin da maza ke ƙoƙarin ceto ragowar shinkafa, ya iso da laka har gwiwa. Ya sunkuce ta kamar yarinya ya kai ta cikin jirginsa.

Wannan tafiyar ita ce har yau take dawo mini. Rana ta take, iska ta ɗauke. Bukar na tsaye a baya yana tura jirgin da gora, ni ina zaune na jingina Kulu a ƙirjina. Ya ce zai bi ta wata gajeriyar hanya da ya sani a cikin kacalla. Muka shiga. Ciyawar ta fi tsayin mutum, ta rufe mu dama da hagu, ba ka ganin komai sai sama. Muka yi nisa, sai hanyar ta ƙare. Ruwan ya turo tarin ciyawa da itatuwa ya toshe ta. Bukar ya dira cikin ruwa har ƙirji yana ja yana sara da adda, abin ya ƙi motsi. Ya tsaya ya dube ni, na dube shi. Dole muka juya da baya, muka sake fitowa fili, muka ɗauki doguwar hanya.

Duk wannan abin Kulu ba ta kalli ruwa ba, ba ta kalli mijinta ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, ta danne da nata. Cikin zafi rau kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ina jin ƙirjinta na hawa da sauka da sauri, ina jin wani ƙara a ciki kamar ana taka busasshen ganye. Amma ƙarƙashin tafina shiru. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ban kai ƙarshenta ba sai in kama wata. Can, har na fara cire rai, sai na ji wani abu ya gilma, a hankali, kamar kifi ya juya a ƙasan ruwa. Sau ɗaya. Na ɗauka zuciyata ce ta raya mini. Sai na ga ta buɗe ido.

"Yana nan," ta ce. "Bukar, tura."

Ban taɓa ganin mutum ya tura jirgi kamar yadda ya tura a ranar ba. Da muka kai bakin kwalta tafukansa sun fashe.

A asibiti a nan Haɗejiya ba a ɓata lokaci ba. Aka sa mata robar iskar oksijin a fuska, aka ɗaura ruwa, aka kai ta wani ɗaki ita kaɗai. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai magana a hankali. Ta ɗora na'ura a kan cikin tana sauraro, ta matsar, ta sake matsarwa. Sai muka ji bugun zuciyar jaririn, can ƙasa-ƙasa, yana gudu sai ya ja baya kamar zai tsaya, sai ya sake kamawa. Ban san aikin likita ba, amma fuskarta ta gaya mini.

Ta yi mana bayani mu uku, a gaban Kulu, don ta ce ita ce mai jikin. Ƙwayar cutar mura ce, ta sauka cikin huhu. Jaririn da ke ciki ba shi da wata iska sai wadda uwarsa ta shaƙa, to ga uwar kanta ba ta samun isasshiya, ga zazzaɓi na ƙara masa wahala. Idan aka jira ta samu ƙarfi, ana iya rasa shi a ciki. Idan aka yi aiki aka ciro shi, zai fito bai ƙosa ba, kuma aiki a jikin da ke numfashi haka haɗari ne gare ta, ko da yake sauke cikin zai iya ba huhunta sarari. Ta ce ba za ta yi mana ƙarya ba, babu hanyar da za ta kira mai aminci.

Bukar ya ce, "Likita, ita nake so. Ki yi abin da zai tsirar da ita. Ɗa Allah ne mai bayarwa."

Kulu ta ɗaga hannu ta janye robar daga bakinta. Nas ta matso za ta mayar, ta girgiza kai.

"Malam," ta ce wa mijinta, don ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, sai dai a cikin jirgin nan da tsoro ya mantar da ita. "Biyu na binne... ban ga fuskarsu ba. Wannan yana raye. Ina jin sa."

"Ke fa?"

"Ni ma jiran... ba shi da tabbas. Ka ji ta faɗa." Ta juya ga likita. "A ciro shi."

Ta mayar da robar da kanta. Bukar ya juya ya fuskanci bango. Sannan ya ce, "A yi, da sunan Allah."

Muka zauna a baranda. Aka kira la'asar, ya tafi ya yi ya dawo, ƙofar ba ta buɗe ba. Duk nas ɗin da ta fito sai mu miƙe, ta wuce mu da sauri, mu koma mu zauna. Sai can wata dattijuwa a cikinsu ta leƙo ta ce namiji ne, yana numfashi, uwar ma ta fito. Aka nuna mini shi. Fatarsa kamar za ka hango abin da ke ciki, yatsunsa kamar tsinken tsintsiya, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Bayan ya ɗan kwana biyu a hannunsu, suka koya mini in ɗaura shi a ƙirjina, fata da fata, in rufa da zane, ɗumin jikina ya riƙe shi. Haka na zama gadonsa.

Ba a yarda a kai shi ɗakin uwarsa ba, don ƙwayar da ta kayar da babbar mace ba za ta bar irinsa ba. Na ɗauka za ta yi rigima. Da na gaya mata, sai ta gyaɗa kai ta ce ko an yarda ma ita ba ta yarda ba. Ta roƙi abu ɗaya, in tsaya da shi a bayan gilashin taga. Na tsaya, na ɗan buɗe zanen. Ta ɗago kai ta kalle shi, ta daɗe tana kallo. Na ga idonta na dariya a saman robar. Ta ɗaga yatsu biyu ta gwada ƙanƙantarsa, ta girgiza kai, irin na a ce duk wannan ɗan abin ne ya ba mu wahala haka. Iyakar abin da ya shiga tsakaninta da ɗanta ke nan. Ba ta taɓa riƙe shi ba.

Ta yi kamar za ta tashi. Zazzaɓin ya sauka, ta sha kunu, har ta tambayi ko ruwa ya fara janyewa. Sai huhun ya sake rikicewa, wannan karon bai saurari magani ba. Ta cika da yamma, Bukar na riƙe da hannunta, kafin ranar suna. Aka raɗa wa yaro Muhammadu, muna kiran sa Auwalu.

Iya Falmata ta zo zaman makoki, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga. Na fito da jaririn zan miƙa mata, ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

"Ni na ba uwarsa," ta ce. "Kada in ba shi."

Na gaya mata abin da likita ta gaya mana, cewa a ajin nan iskar da kowa ke shaƙa ɗaya ce, ba wanda zai ce daga bakin wane ta fito. Ba ta saurare ni ba. Sai da yaron ya fara tafiya, shi da kansa ya je ya faɗa jikinta, sannan ta riƙe shi. Har yau idan ta ji maƙogwaronta ya ɗan canza, sai ta ɗauki tabarmarta ta koma zaure, ba mai iya dawo da ita.

Auwalu a wurina ya tashi, yana zuwa wurin mahaifinsa idan an yi hutu. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin magana, kuma ƙirjinsa bai taɓa zama irin na sauran yara ba. Murar da za ta yi wa ɗan maƙwabta kwana biyu, shi sai ta kai mu asibiti yana numfashi da shewa. Yaran unguwa na ce masa bakwaini, ya daina jin haushi. A dalilinsa na zama 'yar gida a asibiti, kuma a zaman jiran layi na yi ta tambaya har na fahimci abin da ya faru da uwarsa. Mace idan tana da ciki garkuwar jikinta na sassautawa, kuma yayin da cikin ke girma yana tura huhu sama, numfashi ya rage wurin zama. Shi ya sa murar da za ta wuce ta kan mutum goma ta bar su a tsaye, ita sai ta kayar da ita. Abin kuma ba ya tsayawa a kanta. Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki na iya taɓa halittar jariri ko ya jawo ɓari. A ƙarshen ciki yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, ko ya hana jaririn girma, ko a wayi gari ya mutu a ciki uwar na ganin mura kawai take yi. An ce mini akwai magungunan da ke aiki idan an zo da wuri, wasu cututtukan ma akwai rigakafinsu, sai mace ta tambaya a wurin awo. Yawancin masu ciki da suka yi mura suna warkewa lafiya, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda zai gane daga gida wacce ce za ta wuce, wacce ce za ta sauka huhu.

Da Kulu za ta leƙo yau, ban san ko za ta ce an ci gaba ba. Za ta ga waya a hannun kowace mace, ta ga an ƙara ɗakunan awo a wasu garuruwan. Za ta kuma ga kacalla na nan inda ta bar ta, ta ga duk shekarar da ruwa ya yi yawa makarantu na sake cika da mutane, mai ciki da mai tari a tabarma ɗaya. Na san halinta, ba za ta tsaya jiran hukuma ba. Za ta shiga ajin da muryar nan tata ta ce a buɗe tagogi, ta ce masu tari su koma wancan ajin, masu ciki su dawo wannan, wanda ya ji haushi ya ji. Abin da ba ta sani ba a lokacin ne ya hana ta yi, ba rashin baki ba.

Bukar ya daɗe bai yi aure ba. Daga baya ya auri Yagana, yarinya mai hankali, wadda ke yi wa Auwalu wanka ta shafa masa mai kamar ita ta haife shi. A daminar bana tana da ciki, na farko. Wata ranar aiki na dawo daga makaranta da azahar, na tarar da Bukar tsaye a ƙofar gidana, Yagana na zaune a dakali ta rufe baki da gefen mayafi. Bukar ne ya fara magana.

"Adda, jiya ta fara tari, yau da safe jikinta ya yi zafi."

"Motsi fa?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ce yana yi.

Shinkafarsa ta nuna a lokacin, tsuntsayen jan-baki na sauka a gonaki kamar hadari, kowane manomi na tsaye a tasa yana kora. Shi ya bar tasa ba kowa. Ya ce da za su shiga jirgi wasu a bakin ruwa har dariya suka yi, wai a kan mura za a kai mace birni. Iya Falmata ce ta fito da sandarta ta ce wanda bai taɓa binne mai mura ba ya yi shiru.

Muka wuce asibiti. Aka duba ta, aka ce za a riƙe ta a sa ido har zazzaɓin ya sauka. Nas ta shiga da ita ciki ta ɗora na'ura, ni ina tsaye a gefen gado, Bukar na waje a bakin ƙofa. Na'urar ta yi ta shuu, shuu, ba komai. Nas ta matsar da ita ƙasa. Shiru. Ta sake matsarwa gefe, sai ga bugun zuciyar ya cika ɗakin, da ƙarfi, a jere, ba ja da baya, kamar ana sukuwa a kan busasshiyar ƙasa. Na leƙa waje in gaya wa Bukar, ashe ya ji. Na same shi zaune a ƙasan siminti ya haɗa kai da gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da ko a maƙabarta ban ji an ce ya zubar da hawaye ba.

An sallami Yagana lafiya. Tana gidana yanzu, ba za ta koma ba sai ta sauka. Tsuntsaye sun ci rabin gonar, Bukar bai ko ambata ba.

Idan na zauna ina lissafin abin da Kulu ta bari, ba shi da yawa a ido. Murhun bandarta ruwa ya tafi da shi tun a shekarar. Kayan ɗakinta an raba. Kwastomominta na kasuwa sun koma wurin wasu, ƙalilan ne ke tuna sunanta. Saura yaro mai siririn ƙirji da ke zaune a aji yana haɗa baƙi, wanda yake raye saboda uwarsa, tana tsakiyar neman numfashin kanta, ta lura cewa shi ya yi shiru, ta kuma faɗa da bakinta. Saura kuma gida ɗaya a bakin fadama inda mai ciki ba ta kwana biyu da zazzaɓi sai an sa ta a jirgi. Gida ɗaya ne, na sani. Na rubuta wannan ne ko zai zama biyu.

Allah Ya jiƙan Hauwa'u, Ya haskaka makwancinta, Ya raya mata Auwalu. Yagana kuwa watanta ya kusa, ku sa ta a addu'a.